Giɓi da Kutse a Saƙar Kiristal: Yadda Aibin Gurbi Yake Shafar Nauyin Daskararrun Abubuwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar maƙeri, a Yasore ko Batsari ko Safana, ya ga wani baƙin ɓawo da yake zuba daga jikin ƙarfe sa'ad da aka ciro shi daga wuta ya yi jawur, aka ɗora shi bisa uwar maƙera, aka dinga bugu da masaba. Maƙeri ba ya kula da wannan ɓawo, share shi yake yi ya zubar. Amma kuwa ƙarfensa ne wuta ta ci, domin duk sanda aka mai da fartanya ko gatari cikin wuta sai an yi asarar wani abu daga jikinsa. Har wa yau, sinadarin da ya fi yawa a cikin wannan ɓawo yana daga abubuwa na farko da masana suka yi amfani da sikeli suka tabbatar cewa akwai guraben ƙwayoyin zarra da suke zaune wayam a cikin daskararren abu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda irin wannan aibi yake shafar nauyin daskararrun abubuwa. Ɗalibanmu sukan haddace wata ƙa'ida mai layi uku: aibin Schottky yana rage nauyi, aibin Frenkel ba ya canza shi, kutse kuma yana ƙara shi. Za mu nuna inda wannan ƙa'ida ta yi daidai, da inda ta gaza, da kuma dalilin da ya sa wasu aibobin sukan hau sikeli wasu kuwa ba sa hawa.

2.0 Kalmomin da Muka Zaɓa

Da yake fannin sabo ne ga Hausa, ya kamata mu fara daidaita kalmomi. Kiristal shi ne daskararren abu wanda ƙwayoyin zarrarsa suke jere bisa tsari guda mai maimaita kansa ta kowace fuska. Gishiri kiristal ne, haka ƙarfe, haka farin dutse da sauran ma'adinan da suka haɗu suka yi duwatsun yammacin Katsina. Shi wannan jeri muka kira saƙa. Ƙaramin yanki na saƙar, wanda in aka yi ta jera irinsa za a sami kiristal ɗin gaba ɗaya, mun kira shi ɗaki. Mazaunin kowace ƙwaya kuwa shi ne gurbi, kamar dai gurbin shuka a gona.

Kwatancin gona zai taimaka mana. A gonar gero da aka shuka a layi, ana iya samun gurbin da bai tsiro ba, wannan shi ne giɓi. Ana iya samun tsiron da ya fito tsakanin layi biyu inda ba a sa iri ba, wannan shi ne kutse. Ana kuma iya samun dawa ta tsiro a gurbin gero, wannan shi ne baƙo. Waɗannan uku muka tara a ƙarƙashin suna ɗaya, watau aibin gurbi, domin kowannensu gurbi ɗaya ko biyu ya shafa.

Saura nauyi. Mudun gero ya fi mudun dusa nauyi, ko da yake mudun ɗaya ne. Wannan nauyi na ƙayyadadden awo shi muka kira nauyin mudu, kuma mudunmu a nan shi ne santimita ɗaya mai kusurwa, watau tsawo da faɗi da zurfi duk santimita guda. Nauyin mudun ruwa giram 1 ne, na farin dutse 2.65, na alminiyum 2.70, na ƙarfe 7.87, na zinariya 19.3.

3.0 Nauyin Lissafi da Nauyin Awo

A shekarar 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa kiristal yana warwatsa hasken eksire bisa tsari. A 1913 W. H. Bragg da ɗansa W. L. Bragg a Ingila suka yi amfani da wannan haske suka gano saƙar gishiri. Tun daga nan aka sami hanyar auna tsawon gefen ɗaki da daidaito ƙwarai, aka kuma sami hanya ta biyu ta sanin nauyin mudu ba tare da sikeli ba: a tara nauyin ƙwayoyin da ke cikin ɗaki ɗaya, a raba da girman ɗakin.

Mu ɗauki gishiri. Ɗakinsa yana da ƙwayar sodiyam 4 da ta kulorin 4, tsawon gefensa kuma fikomita 564 ne. Fikomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na milimita. Nauyin zarra na sodiyam da kulorin a haɗe 58.44 ne. In muka ninka da 4, muka raba da lambar Avogadro, watau 6.022 × 10²³, sa'an nan muka raba da girman ɗaki, za mu sami giram 2.16. In muka auna tsabtataccen gishiri a sikeli, 2.16 ɗin za mu samu. Haka ma ƙarfe: ɗakinsa ƙwaya 2 ne, gefensa fikomita 286.6, lissafi ya ba da 7.88, awo ya ba da 7.87.

Abin lura shi ne, nauyin lissafi ya ɗauka cewa kowane gurbi a cike yake, kuma ba kowa a tsakanin layuka. Nauyin awo kuwa ba ruwansa da zato, abin da ke akwai yake faɗa. Saboda haka in aka sami saɓani tsakanin su biyun, kuma an tabbata ba kuskuren awo ba ne, to, saɓanin labarin aibi yake ba mu. Wannan ita ce dabarar da sauran bayaninmu ya dogara a kanta.

4.0 Ire-iren Aibi da Tasirinsu

4.1 Giɓi

Sa'ad da ƙwaya ta bar gurbinta a cikin ƙarfe, ba ɓata take yi ba, takan koma bayan kiristal ɗin ta kafa sabon gurbi. Nauyin abin gaba ɗaya yana nan yadda yake, amma girmansa ya ƙaru da kusan gurbi guda, don haka nauyin mudu ya ragu. A cikin gishiri ƙwayoyin suna ɗauke da cajin lantarki, sodiyam da caji mai kyauta, kulorin da mai karɓa, kuma dole cajin ya daidaita. Shi ya sa giɓin yakan zo biyu-biyu, na sodiyam ɗaya da na kulorin ɗaya. Wannan shi ne aibin Schottky, da sunan Walter Schottky, wanda shi da Carl Wagner suka tsara lissafin aibobin kiristal a 1930. A nan ƙa'idar ɗalibai ta yi daidai.

4.2 Ƙaura

A 1926 Yakov Frenkel na Leningrad ya bayyana wani aibin dabam. Ƙwaya takan bar gurbinta ta shiga wani lungu tsakanin layuka, ta bar giɓi a baya, ita kuma ta zama 'yar kutse. Ba ta fita daga cikin kiristal ba, ba a kuma kafa sabon gurbi ba, don haka nauyin mudu kusan ba ya motsi. Mun ce kusan, domin 'yar kutse takan ture maƙwabtanta kaɗan. Ana samun wannan aibi inda ɗaya daga ƙwayoyin ke iya samun lungun da zai ɗauke ta, alal misali azurfa a cikin sinadarin azurfa da buromin, wanda aka daɗe ana shafa wa fim ɗin ɗaukar hoto.

4.3 Kutsen Baƙo

A nan ƙa'idar ɗalibai take tuntuɓe. Gaskiya ne in ƙaramar ƙwaya ta kutsa lungu nauyin ɗaki yana ƙaruwa. Amma nauyin mudu rabo ne tsakanin nauyi da girma, kuma baƙon da ya fi lungunsa girma sai ya buɗa ɗakin. Misalinmu yana hannun maƙeri. Ƙarfen sifirin na mota, wanda maƙera ke so don wuƙa da gatari, yana ɗauke da kabon, sinadarin gawayi. In aka zafafa shi ya yi ja, saƙarsa takan sauya zuwa wani tsari mai manyan lunguna, kabon ya narke a cikinsu. Wannan tsari yana iya ɗaukar kabon har kimanin kashi 2 cikin 100, alhali tsarin ƙarfe mai sanyi ba ya ɗaukar fiye da kashi 0.02. In aka tsoma ƙarfen cikin ruwa farat ɗaya, saƙar takan juya kafin kabon ya sami damar fita, sai ya maƙale a lungunan da suka yi masa kaɗan.

Sakamakon shi ne, kabon kashi 1 cikin 100 yana ƙara nauyin ɗaki da kashi 1, amma yana buɗa girmansa da kimanin kashi 3. Nauyin mudu ya ragu ke nan, bai ƙaru ba. Wannan kumburi shi ne kuma sanadin wani abu da kowane maƙeri ya sani: bayan ƙarfe yakan riga cikinsa hucewa, ya taurare, daga baya cikin ya kumbura ya matse shi, sai a ji wuƙa ta tsage a cikin ruwa.

4.4 Baƙo a Gurbi

In baƙuwar ƙwaya ta zauna a gurbin mai gida, abin da zai faru ya danganta ga nauyinta da girmanta. Tutiya da jan ƙarfe nauyin zarrarsu kusan ɗaya ne, amma ƙwayar tutiya ta fi girma. Shi ya sa nauyin mudun jan ƙarfe 8.96 ne, amma tagullar da aka haɗa da tutiya kashi 30 cikin 100 ba ta wuce kimanin 8.5 ba. Akwai kuma ma'adinin olibin, wanda gurabensa ke karɓar maganiziyam ko ƙarfe. Nauyin zarrar maganiziyam 24.3 ne, na ƙarfe 55.85. Olibin mai maganiziyam zalla nauyin mudunsa kimanin 3.3 ne, mai ƙarfe zalla kuwa kimanin 4.4. Wannan mai ƙarfen, wanda ake kira fayalait, shi ne babban sinadarin kashin tama da ake tararwa a tsofaffin wuraren narka tama, irin waɗanda aka tona a Samaru kusa da Zariya da kuma Taruga.

Wani lokaci baƙo yakan jawo giɓi. Kalsiyam yana da caji biyu, fotasiyam yana da ɗaya. In aka sa kalsiyam kaɗan a cikin gishirin fotasiyam, ko dai kowace ƙwayar kalsiyam ta kori fotasiyam biyu ta bar gurbi ɗaya wayam, ko kuwa ta kori ɗaya ta shigo da ƙarin kulorin cikin lungu. Ta farko nauyi 40.1 ya maye 78.2, nauyin mudu zai ragu. Ta biyu zai ƙaru. A 1950 Pick da Weber a Jamus suka auna, suka tarar raguwa ce, aka tabbata giɓi ne. Gishirin da ake haƙowa, irin kantun Bilma da ake kawowa kasuwanninmu, ba ya rabuwa da baƙi, kuma a zafin ɗaki giɓin da baƙi masu caji biyu ke jawowa ya fi wanda zafi ke haifarwa yawa nesa ba kusa ba.

5.0 Yawan Aibi

Sanin cewa giɓi yana rage nauyi bai wadatar ba, sai mun san giɓi nawa ne. Babu kiristal marar aibi, domin zafi kansa yana girgiza ƙwayoyi har wasu su fice daga gurabensu, kuma yawan masu ficewa yana hauhawa da sauri sa'ad da zafi ya ƙaru. Amma a zafin ɗaki adadin ƙanƙane ne. A tsabtataccen gishiri, giɓin da zafi ya haifar bai kai gurbi ɗaya cikin biliyan dubu ba. Babu sikelin da zai ji wannan, dalilin da ya sa lissafi da awo suka zo ɗaya a sashe na 3.0 ke nan.

Ko kusa da narkewa ma adadin ba shi da yawa. A 1960 Simmons da Balluffi na Jami'ar Illinois a Amurka suka zafafa sandar alminiyum, suna auna abu biyu a lokaci guda: ƙaruwar tsawon sandar, da ƙaruwar gefen ɗaki ta hanyar eksire. Da babu giɓi, da biyun sun tafi daidai. Sai suka ga da zafi ya yi yawa sandar ta fara wuce ɗaki, domin ƙwayoyin da suka bar gurabensu sun kafa sababbi a baya. Daga tazarar suka lissafa cewa dab da narkewa, a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, kimanin gurbi ɗaya cikin 1,000 ne wayam. Ragin da wannan ke yi wa nauyin mudu kashi ɗaya ne cikin 1,000, alhali buɗewar da zafi ke yi wa saƙar kanta ta rage shi da kimanin kashi 5 cikin 100. Saboda haka aibin da zafi ya haifa ba kasafai yake hawa sikeli ba. Wanda ke hawa shi ne aibin da haɗin sinadarin ya tilasta, kuma a nan za mu koma rumfar maƙeri.

6.0 Ɓawon Ƙarfe

In ƙarfe ya yi zafi fiye da digiri 570 a cikin iska, oksijin yakan ci bayansa ya yi ɓawo hawa uku. Na waje hematait ne, na tsakiya magnatait, na ciki kuma, wanda ke manne da ƙarfen, wustait, da sunan Fritz Wüst, masanin ƙarafa na Jamus. A zafin ƙira, a kan tsabtataccen ƙarfe, wustait ne ke da kimanin kashi 95 cikin 100 na kaurin ɓawon, magnatait 4, hematait 1. Ana kuma samun wustait tare da fayalait a cikin kashin tama.

Saƙar wustait irin ta gishiri ce, ɗaki ɗaya gurbin ƙarfe 4 da na oksijin 4, don haka ana sa ran ƙwayar ƙarfe ɗaya ga kowace ƙwayar oksijin. Amma binciken sinadari ya nuna ƙarfen kullum a gaje yake: ga oksijin 100 ba a samun ƙarfe fiye da kimanin 95, wani lokaci ma ƙasa da 90. Tambayar ita ce, ƙarfe ne ya gaza ya bar giɓi, ko kuwa oksijin ne ya yi yawa ya kutsa lunguna? Binciken sinadari ba zai raba gardamar ba, domin rabon ɗaya ne ta kowace hanya.

A 1933 Jette da Foote a Amurka suka raba ta da sikeli. Mu bi lissafin da samfur mai ƙarfe 945 ga oksijin 1,000, wanda gefen ɗakinsa fikomita 430.1 ne:

In babu aibi ko kaɗan: 6.00
In oksijin ne ya yi kutse: 6.08
In ƙarfe ne ya bar giɓi: 5.74
Abin da sikeli ya nuna: 5.73

Gani ya kori ji. Awo ya faɗi kusa da lissafin giɓi, ya yi nisa da na kutse. Watau cikin kowane gurbin ƙarfe 1,000, guda 55 wayam suke, kuma wannan ya rage nauyin mudu da fiye da kashi 4 cikin 100. Adadin ya ninka na alminiyum mai dab da narkewa fiye da sau hamsin. Dalilin da ya sa wustait ke jure wa giɓi mai yawa haka shi ne, ƙarfe yana iya ɗaukar caji biyu ko uku. Duk gurbin da ya zama wayam, ƙwayoyin ƙarfe biyu sukan hau daga caji biyu zuwa uku su cike gibin cajin. Sodiyam ba shi da wannan dama, shi ya sa gishiri ba ya yin haka. Bincike na baya, musamman na Koch da Cohen a 1969, ya nuna cewa giɓin ba a warwatse yake ba, taruwa yake yi gungu-gungu kewaye da 'yan ƙwayoyin ƙarfe masu caji uku da suka shiga lungu, amma wannan bai canza hukuncin sikeli ba.

Wannan giɓi shi ne ya bayyana asarar maƙeri. Ƙwaya ba ta iya tafiya cikin saƙar da ta cika maƙil, amma in akwai gurbi wayam kusa da ita sai ta faɗa ciki, ta bayanta kuma ta maye nata. Da yake giɓin wustait yana da yawa, ƙwayoyin ƙarfe sukan ratsa shi da sauƙi su fito waje su gamu da oksijin, ɓawon ya yi ta kauri. Ƙasa da digiri 570 wustait ba ya samuwa, magnatait da hematait kuwa ba su da giɓi irin nasa, sai cin ya yi sauƙi. Maƙerin da ke gaggauta aiki don kada ƙarfe ya daɗe a wuta, ko ya binne shi cikin gawayin ƙirya don kada iskar zugazugi ta buge shi kai tsaye, yana rage wa wannan tafiya lokaci ne da abinci.

7.0 Inda Awo Yake Yaudara

Wajibi ne mu ja kunnen duk malamin da zai kai wannan dabara ɗakin gwaji. Abu na farko, kumfar iska da tsaga sun fi aibin gurbi rage nauyi da nisa. Kashin tama cike yake da ramuka, tukunyar alminiyum da aka zuba a ƙasa ita ma takan riƙe kumfa. In ɗalibi ya auna su ta hanyar tsomawa cikin ruwa ya sami ragi, ramuka ya auna. Sai an niƙa samfur ya zama gari, an fitar da iskar da ke maƙale, an auna cikin kwalbar awo. Na biyu, ɓawon da aka share daga rumfa gauraye ne, kuma in wustait ya huce a hankali yakan rabu ya koma ƙarfe da magnatait. Na uku, akwai aibin da ido ke gani amma sikeli ba ya ji. Farin dutse yakan zama ruwan hayaƙi saboda baƙon alminiyum, ko ruwan shuni saboda baƙon ƙarfe, amma nauyin mudunsa yana nan 2.65, domin baƙin ba su da yawa.

Inda ake bukatar daidaito matuƙa, har ƙanƙanen aibi sai an lissafa shi. Kafin a sauya ma'anar kilogiram a ranar 20 ga Mayu, 2019, masana sun ƙidaya ƙwayoyin da ke cikin dunƙulen silikon mai nauyin kilo ɗaya ta wannan hanya ta gefen ɗaki da nauyin mudu, kuma sai da suka cire rabon giɓi da na baƙin kabon da oksijin kafin lissafin ya tsaya.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa giɓi yana rage nauyin mudu, ƙaura kusan ba ta taɓa shi, kutse da baƙo kuwa suna iya ƙara shi ko rage shi, gwargwadon abin da suka ƙara wa nauyin ɗaki da abin da suka ƙara wa girmansa. Mun kuma ga cewa aibin da zafi ya haifa bai cika wuce ɗaya cikin 1,000 ba, amma wanda haɗin sinadari ya tilasta yana kai kashi 5 cikin 100 ko fiye.

Shawararmu ga malamai ita ce, maimakon haddar layi uku, a koya wa ɗalibi ya yi tambaya uku game da kowane aibi: me ya faru da nauyin ɗaki, me ya faru da girmansa, kuma gurbi nawa abin ya shafa. A kuma ba shi lissafin wustait ya yi da hannunsa, bayan an nuna masa ɓawon da aka ɗebo daga rumfar maƙeri. Kalmomin da muka kawo, watau saƙa, ɗaki, gurbi, giɓi, kutse, baƙo da nauyin mudu, mun ajiye su gaban mahalarta wannan taro domin a duba, a gyara wadda ta gaza, a tabbatar da wadda ta dace.